Ko Ɓuntun Shinkafa Zai Iya Wanke Ruwan Rini?

Duk wanda ya bi ta layinmu a Unguwar Shanu da hantsi, musamman idan salla ta matso, zai ga kwatar da ke bin gindin katanga ta sauya launi. Yau shuɗiya, gobe ja kamar zoɓo, jibi wani irin kore mai duhu da kumfa a samansa. Mun san inda take fitowa. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, da aka rufe masaƙar ya dawo gida da abin da ya iya. Rabin duro biyu gare shi a bayan gida, da murhu, da safar roba mai kaiwa gwiwar hannu, da ƙullin kala da soda da haidiro da yake sayowa a kasuwa. Mata na kawo masa shaddar da ta koɗe ya mayar da ita sabuwa. Idan ya gama sai ya karkata duron, ruwan ya bi kwata. Da wannan sana'a yake riƙe da gidansa, kuma ban taɓa jin wani a layin ya ɗaga masa murya a kai ba, ko da yake kowa na janye ɗansa daga bakin kwatar.

Ɗiyar ƙanwata mai karatun kimiyyar sinadarai ita ta tayar da zancen. Ta zo mana hutu da wani baƙin gari a ƙaramar kwalba, ta ce daga ɓuntun shinkafa suka yi shi a makaranta. A zaure, a gabana da dattijon, ta zuba cokali guda cikin wani ruwa mai shuɗi da ta zo da shi, ta girgiza, muka ɗan taɓa hira, sannan ta tace da farar takarda. Ruwan ya sauko garau kamar na famfo. Dattijon ya karɓi kofin, ya ɗaga shi saitin haske, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. To ɗebo na cikin durona ki gwada mu gani." Ta ɗebo. Cokali guda bai taɓuka komai ba. Da ta ƙara uku launin ya ja da baya sosai, amma da ya tsoma yatsa ya murza, ruwan na nan da santsinsa kamar na sabulu, warin haidiro kuma na nan yana shaƙe maƙogwaro. Ta ce, "Baba, ai launin ya tafi." Ya ce, "Launin ya tafi. Sodar fa?"

Tun ranar nake juya maganar a raina, domin duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Kaduna ba baƙuwar ruwan rini ba ce. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya, sai United Nigerian Textiles ta attajirin nan na Hong Kong, Cha Chi Ming, a 1964, sai Arewa Textiles mai jarin Japanawa. Dukkansu a ƙetaren kogi suke, amma ma'aikatansu daga kowace unguwa suke fitowa, har da nan wajenmu da Abakwa da Kawo. Shekara da shekaru magudanan Kakuri da Makera suna kwasar ruwan masana'antu suna juyewa a Kogin Kaduna, kogin da masu lambu ke ban-ruwa da shi da rani, wanda ke wucewa ta Shiroro da Zungeru kafin ya faɗa Neja a ƙasar Nufe. Da masaƙun suka durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, ruwan rinin bai ƙare ba. Rarrabuwa ya yi, ya bi masu sana'ar zuwa bayan gidajensu. Ga Kano kuma, da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ga marinan shadda a lunguna. Sannan duk gwamnatin da ta zo sai ta yi alkawarin tayar da masaƙun Kakuri. Ranar da alkawarin ya tabbata, ruwan zai dawo tare da aikin.

Kalar da ake rini da ita yanzu ba babar kakanninmu ba ce. Tun 1856, da wani saurayi Bature mai suna William Perkin ya haɗa kala ta farko daga kwaltar kwal, rini ya fara barin gona yana komawa masana'anta. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuɗin haɗi kasuwa, noman baba ya karye a Indiya. An ƙera waɗannan kaloli ne don kada rana ko sabulu su ci su, shi ya sa ma kogi ba ya iya cin su da wuri. Suna tare hasken rana daga shiga ruwa, ciyawar ruwa ta shaƙe, kifi ya rasa numfashi. Wasu daga cikin dangin da ake kira azo, idan suka farfashe, suna sakin sinadaran da ke jawo sankarar mafitsara, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da su a tufafi a 2002.

Masu goyon bayan gawayin sharar gona suna da hujja mai ƙarfi, kuma tushenta abu ne da muka sani a gida. Tsohuwa kan jefa gawayi a tukunyar da ta kama don ya janye ƙauri. Likita kan ba wanda ya sha guba baƙin garin gawayi. Masu fiya wata na tace ruwansu ta cikinsa. Sirrin ɗaya ne: gawayi cike yake da ramukan da ido ba ya gani, abin da ya ratsa ciki sai ya manne a bangonsu. Aikin masana shi ne su yawaita ramukan. Za a wanke ɓuntun a shanya, a toya shi a rufaffen mazubi inda iska ba ta shiga, a zafin digiri 400 zuwa 600, har ya zama gawayi maimakon toka. Sannan a buɗe masa ramuka, ko dai da tururi a zafin digiri 800 zuwa sama, ko kuma a jiƙa shi da sinadari mai ci irin asid ɗin fosforik kafin a toya. Gawayin da ya ji aiki, giram ɗaya nasa, da za a shimfiɗa bangon ramukansa, zai iya rufe murabba'in mita 1,000. Babban cokali guda ya kusa faɗin filin ƙwallo ke nan.

Irin wannan gawayi, mafi yawansa daga waje muke sayensa da dala. Da kwal ake yin wani, wani da itace, wani da ƙoƙon kwakwa. Masu wannan ra'ayi kan ce a dubi Siri Lanka da Indiya da Filifin: ƙoƙon kwakwar nan ai shara ne a da, yau kaya ne da ake lodawa a jirgin ruwa. Ko a 1918 Amurka ta sa 'yan makaranta tara ƙwallon 'ya'yan itatuwa don a yi gawayin da sojojinta za su tare iska mai guba da shi. To mu me muka rasa? A duk buhu biyar na shanshera, nauyin buhu ɗaya ɓuntu ne. Wanda ya bi ta Kura a hanyar Kano ya ga yadda yake taruwa a bayan injinan casa. Ga totuwar masarar Saminaka da Giwa, ga raken Maƙarfi, ga ɓawon gyaɗa. Masu ilimin ma ba nesa suke ba: Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Basawa duk a Zariya suke, Kwalejin Kimiyya da Fasaha na nan cikin gari, cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa na Mando. An yi ta gwada waɗannan abubuwa a jami'o'inmu, kuma sau da yawa sakamakon yakan nuna an cire sama da kashi 90 cikin ɗari na kalar. A ganinsu, jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya, har da na uku, domin matasa za su sami sana'ar toya gawayin.

Ban raina wannan hujja ba. Na ga ruwan ya washe da idona. Amma tambayar dattijon nan ta fi ƙarfin a share ta da hannu, kuma da na bi diddiginta sai na tarar tana da 'yan'uwa.

Ruwan da yarinyar ta zo da shi, wata kala ce da ake kira metilin bulu, an narkar da ita ita kaɗai a tataccen ruwa. Da ita ɗalibai suka fi yin gwaji, don tana da arha, tana da sauƙin aunawa, kuma tana son gawayi, da gudu take manne masa. Abin da ke cikin duron marini daban ne. Akwai kala biyu ko uku a gauraye, akwai soda mai ƙona fata, akwai haidiro, akwai sitaci da sabulun da suka fita daga jikin shaddar, wani lokaci da gishiri mai yawa. Duk waɗannan suna rububin ramukan nan, wasu su toshe su tun kafin kalar ta iso. Kalolin da masaƙu ke rina atamfa da su kuwa, a ruwa mai soda ba sa kama gawayi da kyau. Gishiri da soda su kam ratsawa suke yi su wuce abinsu. A nan ne abin ya fi damuna. Ruwa mai launi aƙalla yana yi wa mutum gargaɗi, uwa na ganinsa ta janye ɗanta. Ruwan da aka cire wa launi aka bar masa kaifi, yaro zai wanke fuska da shi, akuya za ta sha, mai lambu zai juya shi kan latas ɗinsa da kwanciyar hankali. Idan muka koya wa mutane cewa ruwa ya tsarkaka da zarar ya yi fari, mun cuce su.

Sai kuma tambayar da ban cika jin an yi ba: ina kalar ta tafi? Gawayi bai kashe ta ba, riƙe ta ya yi. Idan ramukan suka cika, abin da ke hannunka baƙin gari ne ɗauke da dukan dattin da ke cikin ruwan, a dunƙule. A ƙasashen da suka saba da shi, akan mayar da shi tanderu mai tsananin zafi a ƙone abin da ya kama a sake amfani da shi. A unguwa irin tamu bola za a kai shi. Mun kuma san makomar bola a ƙasar Hausa: da bazara manoma kan kwashe ta a kai gona a matsayin taki. Wata baiwar Allah ma na iya ganinsa gawayi ne ta zuba a murhu ta dafa wa yara abinci a kai. Dattin da ya bi kwata jiya, yau ya shiga gona ko huhu.

Shi kansa yin gawayin ba kyauta ba ne. Idan da asid aka yi, sai an wanke shi wanki bayan wanki kafin ya yi amfani, ruwan wankin kuma wani sabon datti ne da ke neman inda za a kai shi. Tanderun na son wuta, mun kuma san halin lantarkinmu da kuɗin gas. Abin da ke fitowa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin abin da aka zuba ba, shi ɓuntu ma yashi-yashin da ke jikinsa ya yi yawa, sai an ƙara masa wani aiki kafin ya kamo ƙoƙon kwakwa. Masaƙa kuwa kan sha sama da lita 100 na ruwa a kan kilo ɗaya na yadi. Daga kofin gwaji zuwa magudanar Kakuri akwai tafiya mai nisa.

Akwai kuma kalmar "shara" da ake ta maimaitawa, wadda ban yarda da ita ba sam. Unguwar da sunanta ma na shanu ne ba ta buƙatar a gaya mata darajar abin da ya rage a gona. Harawa kuɗi ce, kara kuɗi ne, dusa kuɗi ce. Ɓawon gyaɗa ana niƙa shi a gauraya wa dabbobi. Ɓuntu masu kiwon kaji na saye su shimfiɗa a ɗakin kaji, in ya haɗu da kashinsu ya koma taki mai tsada, manyan injinan shinkafa kuma da shi suke hura tukunyar turara shanshera. Totuwa ita ce itacen matar da ba ta da kuɗin gawayi. Masu mazarƙwaila a wajen Maƙarfi da busasshen raken da aka matse suke dafa ruwansa. Abin da ya rage a gona ya ruɓe, shi ke mayar wa ƙasa ƙarfinta, ƙasar da kullum muke kukan ta gaji. Ɗan birni ne ke ganin tulin ɓuntu ya ce ba shi da mai shi. Ranar da wani kamfani ya fara aiko da tirela, farashi zai tashi, kuma wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai awaki uku da matar da ke dafa ɗanwake da totuwa. Ban ce don haka a fasa ba. Cewa nake a sa wannan a lissafi, a daina rubuta sifiri a gurbin kuɗin kayan aiki.

Tsorona na ƙarshe game da masu ƙarfi ne. Tun 2007 aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2009 ta fitar da ƙa'idojin da suka shafi masaƙu da majemu, jiharmu kuma na da tata hukumar, KEPA. Doka ta ce mai masana'anta ya gyara ruwansa kafin ya sake shi. Gyaran gaskiya na buƙatar tafkin da datti zai kwanta, da kashe kaifin soda, da wurin da ƙwayoyin halitta za su cinye abin da zai ciwu, sannan gawayi a ƙarshe. Ba na son labarin ɓuntu ya zama bargon da mai jari zai lulluɓa da shi, ya ajiye duro biyu na baƙin gari a bakin magudana ya ce ya cika sharaɗi. A garin Tiruppur na Indiya, masu rini sun ɓata kogin Noyyal har dam ɗin da ke ƙasa ya zama ba ya amfanuwa ga manoma. Ba dabarar ɗakin gwaji ce ta juya lamarin ba. A 2011 babbar kotun Madras ce ta rufe ɗaruruwan marinai, ta ce ba mai buɗewa sai ya daina sakin ko ɗigo ɗaya a kogi. Suka haɗa kuɗi suka gyara matatun tarayya, suna mayar da ruwan da gishirin cikin aiki.

Da na zayyana wa yarinyar duk wannan, ba ta karaya ba. Ta ce, "Kawu, duk na ji. Amma Baba ba masaƙa ba ne. Ba wanda zai gina masa matata. Yau ruwansa ɗanye yake tafiya. Idan na rage masa rabin dattin, ban yi komai ba ke nan?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, domin ta fi ni gaskiya a nan. Ga ƙaramin marini, zaɓin ba tsakanin gawayi da matatar zamani yake ba, tsakanin gawayi ne da kwata. Ta ƙara da cewa ba dole sai da asid ba: gawayin da aka toya kawai ya fi rauni, amma yana ɗan kamawa, kuma ba ya barin wani ruwan wanki. Har ta ba ni labarin wani injiniya ɗan Filifin, Alexis Belonio, wanda ya ƙera murhun da ke ci da ɓuntu, ya ba da harshen wuta kamar na gas, ya bar gawayi a ƙasa. Marini dama sai ya tafasa ruwa. Idan ɓuntun da ya tafasa masa duro shi zai koma ya tace masa ruwan, to itace ya huta, lissafin kuma ya sauya.

Dattijon ne ya kawo abin da ya fi komai amfani a zancen. Ya ce irin kalar da yake aiki da ita halinta ɗaya da baba: soda da haidiro ne ke narkar da ita, da ta sha iska sai ta koma gari. Shi ya sa tufa ke fitowa daga marina kore-kore, iska ta buge shi ya zama shuɗi. Saboda haka idan aka bar ruwan ya kwana a buɗe, aka ɗan sa masa alam ko dakakken ƙwayar zogale, mafi yawan kalar da kanta za ta kwanta. Gawayi sai ya tarar da ɗan abin da ya rage, ya daɗe bai cika ba.

Wannan ya tuna mini da marinar Kofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take. Marinan da ba sa zubar da abin da ya kwanta a gindin rami. Katsi suke kiransa. Su kwaso shi su cura, su shanya, su toya, ya koma cikin sabon haɗi, ko a yi laso da shi a shafe ramin ko soro. Gaskiya ne nasu dattin baba ne da toka, ba irin na yau ba, kuma ba zan ce a toya laka mai kalar zamani a tsakar gida ba. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne, sana'ar ba ta ɗaukar aiki ya ƙare sai an san makomar abin da ya kwanta. Kuma a karofi ɗaya suke taruwa, ba kowa da lungunsa ba.

Ni dai inda na tsaya ke nan. Ina goyon bayan gawayin ɓuntu da na totuwa, amma a matsayin matakin ƙarshe, bayan ruwa ya kwanta, bayan an kashe kaifin sodar an kuma tabbatar da 'yar takardar gwajin nan mai sauya launi, wadda ba ta da tsada. Ina so a fara da ƙananan marina, a tara su wuri guda da rami na tarayya, ƙaramar hukuma ta ba da fili, KEPA ta ɗauki nauyin kwashe laka da gawayin da ya cika. Ina so malaman jami'a su daina karɓar aikin ɗalibin da bai taɓa ɗebo ruwa daga duron marini na gaske ba, kuma kowane bincike ya faɗi nawa aka kashe, daga ina ɓuntun ya fito, wa yake amfani da shi a da. Wasu masu bincike na gwada cusa gawayin da ya gama aiki cikin bulo, kamar yadda katsi ke shiga laso. A gwada mana shi a nan, a jiƙa bulon da ruwan damina a ga ko zai saki abin da ya haɗiye. Manyan masana'antu kuwa, in sun dawo, doka ce tasu.

Ranar da yarinyar za ta koma makaranta, jarka biyu ta cika da ruwan duron dattijon ta tafi da su. Shi kuma a daren bai karkata duron ba, ya bar shi a buɗe da ɗan alam a ciki. Da asuba bayan mun fito masallaci ya ja ni bayan gida ya haska tocila. Saman ruwan ya yi haske har ana hango bangon duron, a gindi kuma laka ce shuɗiya mai kaurin yatsa biyu. Ya tsiyaye ruwan a hankali, ya kwashe lakar da ƙoƙo ya zuba a tsohon buhun siminti, ya ɗaure bakin. Ya ce, "Malam, wannan kuma ina za mu kai shi?" Na ce ya bari mu tambayo. Buhun na nan rataye a zaurensa, inda hannun yara ba ya kaiwa, yanzu ya kusa rabi.